Ƙungiyar masu surfani da saƙa: me ake samu, me ake biya?

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a Tudun Wada, Kaduna. Na iya saƙar kwarashi daidai gwargwado, kuma kwanan nan na fara koyon surfani a YouTube. Maƙwabciyata ta gayyace ni ƙungiyarsu ta mata masu aikin allura, suna haɗuwa duk Asabar, amma akwai kuɗin rajista da na wata-wata, har da tarar makara. Maigidana ya ce tunda komai yana cikin waya, me zai sa in biya kuɗi in kuma riƙa biyan kuɗin keke duk mako? Ni ma na rasa amsar da zan ba shi. Me ake samu a irin wannan ƙungiya, waɗanne dokoki zan tarar, kuma da gaske ana koyon wani abu?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Maigidanki ya yi tambaya mai kyau, kuma ga amsar da za ki kai masa: waya tana nuna miki hannun wata, amma ba ta ganin naki. Abin da ake biya wa kuɗi a ƙungiya shi ne idon da zai duba aikinki ya gaya miki inda ya karkace.

Ki ɗauki fure ɗaya da kika cike a rigar filo. Na cikin bidiyo ya kwanta luf, naki kuma yadin ya tattare a gefensa, kin yi guga ya ƙi miƙewa. Idan kika ajiye shi gaban wadda ta daɗe a sana'ar, ba za ta tsaya kallon fuskarsa ba, bayansa za ta juya. A can komai yake: ƙatoton ƙullin da kika fara da shi, tsallaken da kika yi da baƙin zare daga wannan ganye zuwa wancan har yana haskowa ta gaba, da wurin da kika ja da ƙarfi. Za ta ce ki daina yanko zaren da ya wuce kamu ɗaya, daga yatsa zuwa gwiwar hannu, don dogon zare yana gogar yadi har ya yi gashi-gashi ya harɗe. Za ta nuna miki cewa zaren surfani irin na kamfanonin DMC da Anchor sili 6 ne a murɗe, ana zare su ɗaya bayan ɗaya sannan a haɗa biyu ko uku, shi ya sa nata yake sheƙi naki yake murɗewa. Ita allura lambarta tana hawa tana ƙara siranta, lamba 9 ta fi lamba 5 siranta, kuma mai kauri idan ta shiga shadda rami take bari. Wataƙila duk wannan yana cikin wani bidiyo a wani wuri. Matsalar ita ce ba ki san wanne ne ciwon aikinki ba, balle ki je neman maganinsa.

Haka ma a kwarashi. Shawul ɗin jariri da ya fara da faɗi ya ƙare a tsuke, ko dai kina yar da ɗinki ɗaya a ƙarshen kowane layi, ko hannunki yana ƙara matse ulu idan kin gaji. Mai ido ko ƙirga ba sai ta yi ba.

Sai maganar kayan aiki, wadda a Kaduna ba ƙarama ba ce. Masaƙar KTL da ke Kakuri ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, masaƙar UNTL ma ta tsaya a 2007. Yau yawancin zare da ulu da yadin da muke aiki da su daga waje suke shigowa, farashinsu yana bin dala, kuma jabu ya cakuɗe da na gaske. Mace ɗaya da ta shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko Kasuwar Barci ta sayi ƙulli biyu, kuɗin ɗai-ɗai za ta biya. Mata goma sha biyar idan suka haɗa kuɗi, kwali suke ɗauka a farashin sari, ko su aika Kantin Kwari a Kano a yo musu sayayya gaba ɗaya. Abin da ya fi rangwamen amfani ma shi ne labarin da ke yawo a tsakaninsu: wane shago ne zarensa ba ya zuba, wane ulu ne yake yin ƙwallo-ƙwallo bayan wanki biyu. Kafin ki sa jan zare a farin zanin gado, ki jiƙa guntunsa ki ɗora a farin ƙyalle ki danna da dutsen guga. In ya bar shaida, kada ki kusance shi. Irin wannan dabara a tabarmar taro ake tsintarta, ana hira.

Akwai kuma aikin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Uwar amarya ta zo tana son zannuwan gado da rigunan filo da tum-tum cikin mako uku, ke kaɗai sai dai ki ba ta haƙuri. Ƙungiya kuwa karɓa take yi ta rarraba. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, haka babbar riga take fitowa a birnin Zariya tun da can: tela ya yanka ya haɗa, mai zayyana ya zana aska takwas ko aska biyu da tambari, mai ɗinki ya zauna ya cike, sannan a kai wa masu bugu su fito da ƙyallinta. Da aikin maza ne, malamai da almajiransu, sai a ƙarshen ƙarni na 20 mata suka shige shi sosai daga cikin gidajensu. Zariya kuma tafiyar kilomita 80 ce ko kusan haka daga nan. Ƙungiyar da ta san abin da take yi tana iya ɗauko gwana daga can ta wuni tana koyarwa, a raba kuɗin motarta da ladanta, abin da ke kaɗai ba za ki iya ba.

Amma kada a ruɗe ki da maganar kuɗi. Keken surfani na kwamfuta yana gama wuyan kaftani kafin mai aikin hannu ta gama zana nata, kuma yawancin masu saye araha suke bi. Aikin hannu yana da kasuwarsa wurin waɗanda suka san darajarsa, sai dai a hankali take buɗuwa. Duk wadda ta ce miki da kin shiga za ki fara kwasar riba, ko dai ba ta taɓa cike hula ɗaya ba, ko kuɗin rajistarki take hange.

Yanzu dokoki. Tarar makara da ta tsorata ki ita ce mafi sauƙi a cikinsu, ni kuma ina goyon bayanta, don idan malama ta fara nuna ɗinki sai wata ta shigo bayan rabin awa a ce a koma farko, taron ya lalace. Za ki tarar da dokar aron kaya, wato littafin zane ko firam ko almakashi a rubuta a dawo da shi ranar da aka yanka. Za ki tarar da dokar fashi, sau nawa mutum zai ƙi zuwa ba uzuri kafin a cire sunansa. Wasu suna hana zuwa da yara masu rarrafe, kada ki ji haushi, allura ɗaya da ta faɗi a tabarma ta isa tashin hankali. Siyasa da gulma ma akan rufe musu ƙofa, ko da yake ta biyun ta fi wuyar rufuwa.

Dokoki biyu ne nake so ki buɗe ido a kansu, don a nan ƙungiyoyin mata suke watsewa.

Ta farko kuɗi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, ki tambaya kai tsaye: kuɗin wata-wata ina yake zuwa? Akwai littafin da ma'aji take rubutawa, kuma ana karanta shi a gaban kowa? Asusun banki da sunan ƙungiya yake, ko a asusun shugaba ake zubawa? Mutum nawa ne suke sa hannu kafin a ciri kuɗi? In mutum ɗaya ce, ko waliyyiya ce, tsarin bai yi ba, don ko ba ta ci ba zargi zai ci ta. Idan suna adashi a gefe, lallai littafinsa ya zama daban, kuma shigarsa ganin dama. Na ga ƙungiyar da aka ranci kuɗin zare aka cike giɓin wadda ta kasa zubi, daga nan aka daina ɗinki aka koma shari'a. Ki kuma tambayi rajista. Wasu suna yi da CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, wasu suna yi a matsayin ƙungiyar gama kai a ofishin jiha, inda doka ta nemi aƙalla mutum 10. Ƙaramar ƙungiyar unguwa da ba ta yi rajista ba ba laifi ta yi ba, amma takardar ce take ba da damar buɗe asusu da sunan ƙungiya, ita kuma hukumomi irin su SMEDAN, mai tallafa wa ƙananan sana'o'i, suke fara tambaya. Ƙungiyar kuma da daga zuwanki aka miƙo miki fom aka ce ki biya don tallafin gwamnati yana hanya, alhali ba ki ga allura a hannun kowa ba, ki yi musu sallama cikin mutunci.

Ta biyu zane da abokan ciniki. Dagi da tambari da askake gadon kowa ne, ba mai hana ki su. Amma idan wata ta ɓata dare ta fitar da sabon zanen zanin gado, kika ɗauki hotonsa kika sa a WhatsApp ko Facebook kamar naki, ko kika kwafa kika karya farashi, kin ci amanarta. Ƙungiya ta gari tana da magana a rubuce a kan wannan: a nemi izini kafin ɗaukar hoto, a ambaci mai zane, kada a karɓi lambar mai sayen da wata ta kawo a zagaya ta baya. A aikin haɗin gwiwa kuma a yanke rabon kowa da kason ƙungiya tun kafin a sa allura, a kuma faɗi wadda take da ikon cewa a warware aikin da bai yi ba. Ranar da aka ce ki warware naki za ki ji zafi. Ki warware.

Game da ko ana koyo da gaske, ya danganta da ko koyarwar tana da tsari. Tsofaffin ƙungiyoyin ƙasashen waje a nan suka yi fice. Embroiderers' Guild ta Ingila tun 1906 take, takwararta ta Amurka ta faro a 1958, kuma tana da darussan da mamba take yi daga gida ta aika wa malama aikin a duba a rubuto mata gyara. Makarantar Royal School of Needlework, wadda aka kafa a 1872, tana koyarwa har ta intanet. Ba ina cewa ki nemi dala ko fam ki shiga ba, a matakinki ɓarnar kuɗi ce. Abin lura shi ne ko su da suke da littattafai da bidiyo jibge, sai sun miƙa aikinsu wani ya duba. To ki auna ta unguwarku da wannan ma'auni. Sabuwar shiga ana haɗa ta da wata babba, ko ana barinta a gefe tana leƙe? Ana sa ta yin ƙyallen gwaji, ta jera ɗinki kala-kala a kai, kafin a ba ta yadin mutane? Akwai abin da aka tsara za a koya wannan watan? Ana koyar da lissafin farashi, wato kuɗin zare da yadi da awannin da aka zauna? Da yawanmu mun iya fure amma ba mu iya wannan ba. Takardar shaidar da wasu suke rabawa kada ta ɗauke miki hankali, mai saye bayan aiki yake juyawa. In takardar karatu kike so, wannan hanyar Kaduna Polytechnic ce ko Jami'ar Ahmadu Bello.

Shawarata, kada ki biya komai tukuna. Ki roƙi maƙwabciyarki ta nema miki izinin zuwa a matsayin baƙuwa sau ɗaya ko biyu, ƙungiyar kirki ba ta ƙin wannan. Ki tafi da aikinki mafi muni, ba wanda kike alfahari da shi ba, ki ga ko za a samu wadda za ta ajiye nata ta karɓi naki. Ki duba ko hannuwa suna motsi ko baki kaɗai ne yake aiki, ki duba hasken wurin, don surfani a ɗaki mai duhu ido yake ci. Ki nemi a ba ki dokokin a rubuce ki kai gida ku karanta tare da maigidan, ku haɗa kuɗin wata da na keke ku ga ko aljihu zai ɗauka. In wurin taron ya yi nisa, ki tambaya ko akwai mambobin da suke ɓangarenku, ku riƙa haɗa keke ɗaya.