Hisabi ne ya taɓa ƙanina, ko kuwa ciwo ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ƙanina ɗan shekara 24 yana sayar da albasa a kasuwar Mile 12. Tun da wani malami ya yi masa hisabin sunansa da na mahaifiyarmu, ya ce tauraronsa na wuta ne kuma lambarsa tara, sai ya koma ganin tara ko'ina, a lambar motar haya ta danfo, a kuɗin ciniki, har a agogon waya. Yau kwana goma barcinsa bai wuce awa biyu a dare ba, yana magana ba ƙaƙƙautawa, ya zuba rabin jarinsa a cacar lambobi wai an ba shi sirri. Bara kuwa ya yi wata biyu a ɗaki, ko wanka sai an matsa masa. Wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ta ce kamar ciwon baifola ne. Shin hisabin ne ya jawo masa? Daga wata baiwar Allah, Agege, Legas.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da alheri da ba ki yi shiru ba. Hisabi ba ya haddasa wannan ciwo, kuma ba ya iya gano shi. Abin da mai hisabi yake yi shi ne ya ba kowane harafi adadinsa, alif ɗaya, ba biyu, jim uku, dal huɗu, ya tara, ya raba, ya ɗauki abin da ya saura. Duk wanda sunansa da na mahaifiyarsa suka yi daidai da na ƙaninki, sakamako ɗaya zai samu, alhali mafi yawansu suna barcinsu lafiya.

Alaƙar tana nan, amma ta wata fuska ce. Baifola ciwo ne da yanayin mutum yake yin sama ƙwarai na tsawon mako guda ko fiye, daga baya kuma ya faɗa cikin matsananciyar damuwa. A lokacin hawan, tunani yana gudu, buƙatar barci tana raguwa, mutum yana jin shi na musamman ne, kuma ƙwaƙwalwa takan riƙa ƙulla ma'ana tsakanin abubuwan da babu abin da ya haɗa su, har lambar mota ta zama saƙon da aka aiko masa shi kaɗai. Wani likita Bajamushe, Klaus Conrad, ya bayyana irin wannan ƙulle-ƙulle a shekarar 1958. Ciwon kuwa yakan ari abin da ya tarar a hannun mai shi: wani ya kama siyasa, wani wa'azi, wani kasuwanci, ƙaninki kuma hisabi ya tarar. Shi ya sa ni a wasiƙarki ba lambar tara ce ta fi tayar mini da hankali ba, barcin awa biyu ne ba tare da gajiya ba, da jarin da ya salwanta, da kuma wata biyun nan na bara, waɗanda nake zaton an ɗauke su lalaci ko miskilanci.

Ba zan yanke hukunci daga wasiƙa ba, domin wiwi, wasu ƙwayoyi da ciwon maƙoƙo mai zafafa jiki suna iya kawo irin waɗannan alamu. Sai dai shekarunsa sun dace, don ciwon ya fi bayyana tsakanin ƙarshen samartaka da farkon shekaru ashirin, kuma gado yana da ƙarfi a cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 40 ne suke ɗauke da shi a 2019.

Ku kai shi asibiti cikin kwanakin nan, kada ku jira ya sauko da kansa. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana wannan aiki tun 1907, akwai kuma sashen ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Idi-Araba. Na san yadda kalmar Yaba take da nauyi a bakin mutanen Legas, amma da yawa daga masu zuwa can katin ganin likita suke yanka, su karɓi magani, su koma shagunansu. Akwai magunguna masu daidaita yanayi, irin su litiyam, wanda likita John Cade na Ostareliya ya nuna amfaninsa a 1949, sai dai yana buƙatar gwajin jini lokaci-lokaci. Kada ku saya masa maganin damuwa a kemis, domin in aka sha shi ba tare da mai daidaita yanayi ba, yana iya ƙara ingiza hawan. Addu'a da ruƙiyya ba su hana magani, amma ɗauri da duka babu abin da suke ƙarawa sai cuta.

Kada ku tsaya musu da shi a kan lambar, don a halin da yake ciki gardama hura wuta ce. Ku ce masa za a duba rashin barcinsa ne, wanda shi ma ba zai musa ba. Wani babba da yake jin nauyinsa ya riƙe masa katin banki da sauran jarin. In kuwa ya fara maganar mutuwa ko ya nemi cutar da wani, a ranar za a kai shi, ko da dare ne. Ki bi su asibitin da kanki, ki rubuta ranar da barcin ya ɗauke da abin da ya faru bara, ki kuma tambayi Mama ko a danginta ko na mahaifinku an taɓa samun mai irin wannan, domin likitan zai tambaya.