Amsa: Me ya sa Il Bidone ya bar ni da nauyin zuciya?

Ɗan'uwa, ka ce ka zauna kallon fim ɗin Il Bidone da tsammanin barkwanci na 'yan damfara, sai ka tashi rai a ɓace. Haka Federico Fellini, daraktan finafinai ɗan Italiya, ya nufa da ya shirya shi a 1955.

Duba waɗanda Augusto, ɗan damfarar da fim ɗin ke ba da labarinsa, da abokansa ke cuta. Suna sa rigar limaman coci, su binne ƙasusuwa da zinaren jabu a gonar talakan ƙauye, su tono a gabansa, su ce dukiyar tasa ce muddin ya biya kuɗin addu'o'in mamacin. Manomi ya tattara ɗan abin da ya mallaka ya miƙa. Wannan ba abin dariya ba ne, kuma ni wurin da ya fi sosa mini rai shi ne zaman Augusto da wata yarinya gurguwa, 'yar manomin da suka damfara a ƙarshen fim ɗin, tana neman albarkarsa da zuciya ɗaya.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne jiran tubansa a fili. Kuɗin da ya karɓa daga uban yarinyar ma ɓoyewa ya yi, ya ce wa abokansa bai iya karɓa ba, abokansa suka jefe shi suka bar shi a gefen dutse.

An rage tsawon fim ɗin bayan bikin finafinai na Venis, saboda haka nemi cikakken kwafi. Zancen tarihin sinimar Italiya kuwa, malamin fim a jami'a zai fi gamsar da kai.