Tambaya da Amsa: Me ya sa jaridun Ingila suka riƙa zana mutanen Ailan kamar birai a da?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na ci karo da wani tsohon zane a intanet, an zana mutumin Ailan da fuska irin ta biri riƙe da wuƙa, wai daga jaridar Ingila ne. Abin ya ɗaure min kai, ba dukkansu Turawa ba ne?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Turawa ne kam, amma farar fata ba ta hana 'yan Ailan shan mulkin mallakar Ingila ba. A 1801 aka rufe majalisarsu ta Dublin, babban birninsu, a wancan lokacin komai sai daga Landan, ga yawancinsu 'yan Katolika ne su kuma masu mulkin 'yan Furotestan, ga manyan gonaki a hannun masu ƙasa su kuma sai haya.

Irin zanen da ka gani mujallar Punch ce ta yi fice da shi, wadda aka kafa a Landan a 1841. Za ka ga doguwar haɓa, ƙaramin goshi, tsummokara, da kulki ko kwalbar giya a hannu. Kuma ba raha kawai ba ce wallahi, saƙon shi ne mutanen nan ba za su iya mulkin kansu ba, don haka duk wanda ya nemi 'yanci a cikinsu ɗan ta'adda ne ko maroƙi. Abin da ya fi ci min rai shi ne lokacin yunwar 1845 zuwa 1852 da cuta ta lalata dankalin Turawa da suka dogara da shi, wajen mutum miliyan 1 suka mutu, amma wasu jaridun suna ta ɗora laifin kan lalacinsu.

Dubi abin da ya sami Charles Stewart Parnell, jagoran masu neman mulkin kai. A 1887 jaridar The Times ta buga wasiƙa da sa hannunsa wai ya goyi bayan kisan manyan jami'an gwamnati biyu da aka yi a Phoenix Park, wani wurin shaƙatawa a Dublin, a 1882, ashe ta jabu ce, wani ɗan jarida Richard Pigott ne ya ƙirƙira, da asirinsa ya tonu gaban kwamitin bincike a 1889 ya gudu Madrid ya harbe kansa. Sai da jaridar ta biya Parnell diyyar fam 5,000.

Su ma 'yan Ailan ba su naɗe hannu ba fa, tun 1842 suka kafa jaridarsu The Nation a Dublin suka riƙa mayar da martani.