Gonata a Ingila, amma an ce kada in taɓa ramin cikinta

Tambaya: Barista, na sayi 'yar gona a gundumar Suffolk ta Ingila. A tsakiyarta akwai fili mai kusurwa huɗu da ramin ruwa ya zagaye. Ina so in cike ramin in gina garken tumaki, sai maƙwabcina ya ce wurin yana cikin rajistar gwamnati. Shin ba ƙasata ba ce?

Amsa: Malam, ƙasarka ce, amma ka dakatar da mai tarakta tukuna. Abin da ka kwatanta kufai ne na gidan wani mai hali na zamanin da. Akwai irinsa kusan 6,000 a Ingila, an haƙa yawancinsu tsakanin 1250 da 1350, galibi don nuna isa, ba don yaƙi ba.

Ka fara da duba rajistar wuraren tarihi da Historic England, hukumar kula da kayan tarihi ta Ingila, ke riƙewa a intanet, ka ga taswirar iyakar wurin. Idan yana ciki, dokar kayan tarihi ta 1979 ta hau kansa. Cike ramin, yashe shi, haƙa tushen gini, har kafa turakun shinge, duk sai da rubutaccen izinin ministan al'adu, wanda ake nema ta hannun hukumar ba tare da biyan ko sisi ba. Izinin gini na ƙaramar hukuma ba ya maye gurbinsa, kuma nan mutane da yawa suke faɗawa. Yin aiki ba izini laifi ne mai tara marar iyaka, lalata wurin da gangan kuwa yana iya kai mutum kurkuku har shekara 2.

Gaskiya ban ga alamar za a bar ka ka cike ramin ba, kuma ina ganin daidai ne. Laka da danshin ƙasansa su ke adana itace, fata da irin shuka na shekaru ɗaruruwa. Da zarar ya bushe, sun tafi ke nan.

Amma kana da mafita. Kiwon da aka saba yi a wurin cikin shekaru 6 da suka wuce zai iya ci gaba, bisa izinin bai-ɗaya da wata doka ta 1994 ta bai wa irin wannan aikin gona. Garken kuwa ka matsar da shi wajen iyakar da taswira ta nuna, ka gayyaci jami'in hukumar ya zo ya gani kafin ka kashe kuɗin zane. Ka tambaye shi batun yarjejeniyar kula da wuri, don wani lokaci ana biyan mai gona. Sannan ka koma wurin lauyan da ya yi maka cinikin: ya kamata bincikensa ya nuna maka wannan kafin ka sa hannu.