Shin abin sawa a kunne ya isa ya raba direba da hatsarin salula?

Tambaya: Ina da motocin haya da ke jigila tsakanin Damagaram da Magarya, kuma fasinjoji sun sha kawo mini ƙara cewa direbobina suna amsa waya suna zabga gudu. Na saya musu abin sawa a kunne. Shin hakan ya wadatar, ko akwai na'urar da za a sa wa mota ta toshe waya gaba ɗaya? Daga wani mai motoci, unguwar Birni.

Amsa: Alhaji, abin kunnen da ka saya ya raba hannun direba da salula, amma bai raba hankalinsa da ita ba, kuma a hankalin ne matsalar take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direban da ke amfani da waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi fuskantar hatsari da kusan ninki 4, ta kuma ce magana ba tare da riƙe wayar ba ba ta rage wannan hatsari sosai. Mutumin da ke gardamar kuɗin lodi da wani a tasha, ko yake sauraron labarin rashin lafiya daga gida, idonsa yana kan kwalta, amma sai ya makara kafin ya lura da amalanken da ya shigo hanya ko ɗan kabu-kabun da ya karkato ba sigina. Shi ya sa Faransa ta haramta wa masu tuƙi sa abin kunne tun watan Yulin 2015.

Duba saƙo ya fi magana muni. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa, don haka wanda ya sunkuyar da kai na daƙiƙa 5 ya yi tafiyar mita 125 bai ga gabansa ba. Direbobinmu da yawa suna ganin saƙon murya na WhatsApp ba rubutu ba ne, saboda haka ba laifi, alhali kafin a saurare shi sai an buɗe wayar, an nemo sunan, an danna, duk da ido.

Na'urar toshe layi kuwa ba na ba ka shawarar ta. Ba ta bambanta wayar direba da ta fasinja, tana iya katse layin mutanen gefen hanya, kuma ranar da mota ta lalace a daji ko aka yi hatsari, ita ce za ta hana a nemi agaji. A ƙasashe da dama ma doka ta hana mutum ya yi amfani da ita. Abin da ya fi sauƙi yana cikin wayar kanta: tun 2017 kamfanin Apple ya sa tsarin da ke riƙe sanarwa idan ya gane mota na tafiya, wayoyin Android ma suna da irinsa. Rauninsa shi ne direba na iya kashe shi da yatsa ɗaya, ƙaramar salula mai maɓalli kuma ba ta da shi. Akwai kuma kyamarar da ke kallon fuskar direba ta yi ƙara idan ya kau da ido, wadda manyan kamfanonin sufuri ke sawa, Tarayyar Turai kuma ta wajabta irin wannan gargaɗi a sababbin samfuran motoci daga Yulin 2024. Mu da muke sayen motocin hannu, sai bayan shekaru za su iso mana.

Ta fuskar doka, Ingila ta hana riƙe waya a tuƙi tun 2003, a 2017 ta kai tarar fam 200, jihar New South Wales ta Ostareliya kuwa ta kafa kyamarorin kama masu riƙe waya a 2019. A ganina, tabbacin za a kama mutum ya fi girman tara tasiri. Jandarman da ke shinge yana ganin direba ne a inda kowa ya riga ya ajiye wayarsa, abin da ke faruwa tsakanin shinge da shinge kuwa fasinja da mai mota kaɗai suka san shi.

Saboda haka dokar da ta fi kusa da direbanka ita ce taka. Ka gindaya sharaɗi a gaban shaidu cewa wayar tana hannun yaron mota muddin ana tafiya, shi zai amsa ya ce a jira, direba kuma ya duba kiransa idan an tsaya a Dogo ko Bande. Ka rubuta lambarka a cikin motar domin fasinja ya sanar da kai, ka kuma faɗi hukuncin tun farko, misali gargaɗi a karo na farko, dakatarwa a na biyu. Sharaɗin ya hau kanka kai ma, Alhaji, domin sau da yawa mai motar ne ke kira yana tambayar an kai ina da nawa aka samu. Idan kana son labari, ka kira yaron mota.