Yadda ƙuri'u 537 a Florida suka kai Bush fadar White House

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ji an ce a zaɓen 2000 Al Gore ya fi George Bush yawan ƙuri'u, amma Bush ya hau mulki saboda jiha guda. Ta yaya hakan ta yiwu? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, malama. Abin da kika ji haka yake. Gore ya ba Bush ratar ƙuri'u sama da 500,000 a faɗin ƙasar, sai dai a Amurka ba jimillar ƙuri'u ke naɗa shugaba ba. Wakilan zaɓe ne, su 538, wanda ya samu 270 ya ci. A kusan kowace jiha, wanda ya zo na ɗaya, ko da ƙuri'a guda ce, shi ke kwashe wakilanta kaf. Florida tana da 25 a lokacin, kuma babu wanda zai kai 270 sai da ita.

A daren 7 ga Nuwamba gidajen talabijin suka ba Gore jihar, suka janye, suka ba Bush. Gore har ya buga waya ya amsa kaye, sannan ya sake bugawa ya ce ya fasa.

A ganina, inda gizo ke saƙar shi ne takardar ƙuri'ar kanta. A gundumar Palm Beach an jera sunaye hagu da dama, ramukan hudawa a tsakiya. Sunan Gore ne na biyu a hagu, amma raminsa na uku ne. Rami na biyu na Pat Buchanan ne, ɗan takarar wata ƙaramar jam'iyya. Buchanan ya tashi da ƙuri'u sama da 3,000 a yankin da 'yan Democrat, jam'iyyar Gore, suka fi yawa, shi da kansa ya ce da yawansu ba shi aka yi nufi ba. Wasu katunan kuma ba su hudu sosai ba, ɗan guntun takarda ya maƙale, na'ura ta tsallake su. Ga Ralph Nader, shi ma ɗan takarar wata ƙaramar jam'iyya, ya ɗebi ƙuri'u sama da 97,000 a jihar. Cikin ƙuri'u kusan miliyan 6, kowanne daga cikin waɗannan ya fi ratar 537 da ke tsakanin Bush da Gore nauyi.

Ranar 26 ga Nuwamba sakatariyar jihar, Katherine Harris, wadda take cikin jagororin kamfen ɗin Bush a Florida, ta tabbatar masa da ratar 537. Gwamnan jihar kuma ƙaninsa ne, Jeb. Ranar 12 ga Disamba Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai 5 da 4, ta rufe ƙofar sake ƙirga. Washegari Gore ya haƙura. Bush ya ƙare da wakilai 271, Gore 266.