Idan na sa hannu a takardar gwajin maganin asma, na sayar da haƙƙina ke nan?

Assalamu alaikum Barista. Ni malamar makaranta ce a Kano, shekarata 36, ina fama da asma tun ina 'yar firamare. Da hunturu ya kama sai dai addu'a, bara sau uku ana ba ni gado. A asibitin da nake ganin likitan ƙirji, wata nas ta ja ni gefe ta ce ana neman masu asma mai tsanani su shiga gwajin wata sabuwar allura, wata-wata za a riƙa yi har shekara guda. Magani kyauta, awo kyauta, har da kuɗin mota. Ta ba ni takarda mai shafi 14 da Turanci, ta ce in sa hannu in kawo ranar Litinin. Maigidana ya ce sam, shi bai manta abin da aka yi wa yaran Kano lokacin sanƙarau ba. Ni kuwa kuɗin inhela ya gallabe ni. Shin idan na sa hannu wani abu ya same ni, shi ke nan ba ni da bakin magana? Zan iya fita idan na gaji? Dole ne sai maigida ya sa hannu? Ɗana mai shekara 12 ma yana da ciwon, ko shi ma za a iya saka shi?

Wa alaikumus salam Malama. Allah Ya ba ki lafiya, ke da yaron.

Bari in fara da abin da ya fi damun ki. Sa hannu a wannan takarda ba sayar da haƙƙi ba ne. Abin da hannunki yake shaidawa shi ne an yi miki bayani, kin fahimta, kin yarda a yi miki abin da aka bayyana. Ba ya nufin kin yafe wa kowa sakaci. Ƙa'idojin gwajin magani na duniya, waɗanda hukumar NAFDAC ke aiki da su, sun hana a saka wata magana a takardar yarda da za ta sa mutum ya sarayar da haƙƙinsa na shari'a, ko ta wanke likita da asibiti da kamfani daga alhakin ganganci. Idan kin ga layi irin wannan a cikin shafukan nan 14, ki ja masa layi da biro, kada ki sa hannu, domin alama ce takardar ba ta bi ta hannun da ya kamata ba.

Maigidanki kuwa ba zancen banza ya yi ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin IDH na Kano. Yara kusan 200 aka saka, aka bai wa rabinsu Trovan, rabi kuma wani magani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka kurumce, wasu suka nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi wannan ɓarna, ba maganinsa ba. Iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Daga baya rahotanni suka nuna cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike da aka gabatar, bayan an gama gwajin aka rubuta ta aka mayar da kwanan wata baya. Gwamnatin Kano ta shigar da ƙara a 2007, aka yi sulhu a 2009 kan dala miliyan 75, sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowannensu. Ki lissafa: shekara 15. A 2009 ɗin kuma wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta yanke cewa gwada magani a jikin mutum ba da yardarsa ba saɓa wa dokar ƙasa da ƙasa ne.

Abin da zan ce wa maigidan shi ne, Najeriyar 1996 ba ta da dokokin da muke da su yau, kuma abin da ya faru a Kano na cikin dalilan da suka sa aka yi su. A 2007 aka fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa. A 2014 aka kafa Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda sashe na 32 nata ya ce ba a bincike ko gwaji a jikin mutum sai da yardarsa a rubuce, bayan an sanar da shi manufar binciken da abin da zai iya biyo baya, mai daɗi da mara daɗi. Sashe na 33 ya kafa kwamitin ƙasa mai sa ido kan ɗa'ar binciken lafiya, wato NHREC, sashe na 34 kuma ya wajabta wa duk cibiyar da ke bincike ta kasance tana da kwamitin ɗa'a, ko tana ƙarƙashin wani. To amma doka a takarda daban, abin da ake yi a ɗakin likita daban. Shi ya sa nake so ki nemi abu biyu ki gani da idonki: takardar amincewar kwamitin ɗa'a, da izinin NAFDAC. Ki duba kwanan wata, ki duba ko sunan gwajin ya yi daidai da na takardarki. Ki nemi lambar rajistar gwajin, ki sa wani mai waya ya duba miki a ClinicalTrials.gov ko rajistar Afirka ta PACTR. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. Wanda ya ɓata rai ya riga ya ba ki amsa.

Batun ranar Litinin bai yi mini ba. Ba a sa hannu a gida a kawo kamar takardar makaranta. Ƙa'ida ita ce likitan da ke jagorantar gwajin, ko wanda ya wakilta, ya zauna da ke, ya bi takardar da ke cikin harshen da kike fahimta, ya amsa tambayoyinki, sannan ku sa hannu ku biyu, a ba ki kwafi ki tafi da shi. Ke malama ce, amma Turancin likitoci ba Turancin aji ba ne. Ki nemi ta Hausa. Idan sun ce ba su da ita, a Kano, ni dai wannan kaɗai ya isa in ce a dakata.

Yanzu ga inda asma ta bambanta da sauran cututtuka, kuma nan nake so ki natsu.

Irin wannan gwaji yawanci ana raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Wasu a yi musu allurar gaske, wasu a yi musu wadda babu magani a ciki, kamanninsu ɗaya. Ke ba za ki san wadda kika samu ba, likitan ma galibi bai sani ba. Saboda haka "magani kyauta" na iya zama ruwan gishiri kyauta har shekara guda. Wannan ba yaudara ba ce idan an gaya miki, haka ake gane ko magani na aiki. Abin tambaya shi ne: me zai faru da magungunan da kike kai yanzu? Idan allurar ƙari ce a kan inhelarki ta kullum, kuma shuɗiyar inhelar nan ta salbutamol tana nan a jakarki, da sauƙi. Idan kuwa tsarin ya ce za a rage miki maganin kullum ko a dakatar da shi na wasu makonni don a ga yadda ƙirjin zai yi, to mace mai kwanciya asibiti sau uku a shekara, kuma ga ƙurar hunturu, sai ta yi tunani sosai. Yarjejeniyar Helsinki, wadda likitocin duniya suka fara amincewa da ita a 1964 aka sake gyara ta a 2024, ta ce ba a hana mutum ingantaccen magani saboda gwaji idan hakan zai jefa shi cikin mummunan haɗari. Ki tambaya kuma gwajin a mataki na nawa yake. Mataki na ɗaya mutane ƙalilan ne suka taɓa karɓar maganin, na uku kuwa an riga an gwada shi a kan jama'a da dama. Ki tambaya minti nawa za a riƙe ki bayan allura, domin wasu allurai na asma, irin su omalizumab, an san sukan tayar da borin jini mai tsanani ga wasu tsiraru.

Kada ki ɗauka Afirka kaɗai ake tafka kuskure. A 2001, a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka, wata matashiya 'yar shekara 24, lafiyarta ƙalau, ta shiga binciken asma, aka ba ta wani sinadari mai suna hexamethonium ta shaƙa. Huhunta ya lalace, ta rasu cikin wata guda. Da aka bincika sai aka ga takardar da ta sa wa hannu ba ta bayyana mata cewa ba a amince da shaƙar sinadarin a matsayin magani ba, ga kuma tsofaffin rahotanni na illarsa ga huhu da ba a lura da su ba. Gwamnatin Amurka ta dakatar da binciken da take ɗaukar nauyi a jami'ar na ɗan lokaci.

Idan wani abu ya same ki, Allah Ya kiyaye, hanya biyu ce. Ta farko ita ce diyyar da gwajin kansa ya tanada. Kundin 2007 ya ɗora wa masu bincike nauyin kula da duk wanda ya samu rauni ta dalilin bincike da kuma biyan sa diyya, kuma gwajin da ya bi ƙa'ida yana da inshora. Ki nemo wannan sakin layi a takardarki, ki karanta shi sau biyu. Wa zai biya kuɗin gado? Wane kamfanin inshora? Sai kin tabbatar da laifin wani kafin a biya, ko ya isa a nuna gwajin ne sanadi? Wa ke yanke hukuncin cewa gwajin ne sanadi? Tambayar ƙarshen nan ita ce ramin da ake faɗawa. Mai asma idan ta sarƙe da dare aka kai ta asibiti, abu na farko da za a ce shi ne: ai dama tana yi. Hujjar da aka kafa a kan yaran sanƙarau ke nan. Don haka tun kafin allurar farko ki nemi taƙaitaccen rahoton lafiyarki daga likitanki, da sakamakon awon numfashin da ake sa ki hura. Ki sayi ɗan littafi, kullum ki rubuta sau nawa kika shaƙi shuɗiyar inhela, daren da tari ya tashe ki, ranar da aka yi allura. Ki adana rasit, ki adana katin asibiti. Na sha ganin mai gaskiya ya zo ofis hannu rabbana, shi da kwafin takardar da ya sa wa hannu ma babu.

Hanya ta biyu ita ce ƙarar sakaci a kotu, ko ƙorafi ga kwamitin ɗa'a, ga NAFDAC, ko ga hukumar MDCN mai ladabtar da likitoci. A nan akwai tarkon da mutane ba su sani ba. Idan asibitin gwamnati ne, lauyoyinsa kan fake da dokar kare jami'an gwamnati, wadda ta ba da wata uku kacal a shigar da ƙara. Akwai yanayin da kotuna suka ƙi yarda da wannan kariya, amma kada ki jingina da shi. Wasu asibitocin kuma dokarsu ta ce sai an ba su sanarwa a rubuce kafin a kai su kotu. Mu kuwa al'adarmu haƙuri, da "bari a ga abin da hali zai yi", har lokaci ya wuce. Da zarar abu ya faru, a nemi lauya a makon.

Fita kuwa, duk ranar da kika ga dama, ba sai kin ba da dalili ba, ba tara, kuma ba a isa a hana ki ganin likitanki kamar da ba. Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Okonkwo a 2001 cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani. Sai dai ki sanar da su a rubuce, ki bari su duba ki duban ƙarshe, su mayar da ke kan maganinki lafiya. Kuɗin motar da kika riga kika karɓa ba bashi ba ne. In ma kuɗin ya yi yawan da zai rufe miki ido, shi kansa abin zargi ne.

A doka, hannunki kaɗai ake bukata. Hannun maigida ba ya maye gurbin naki, rashinsa kuma ba ya ɓata naki. Wannan doka ce. Zaman aure kuwa kin fi ni sani. Kuma akwai dalili na zahiri: kusan duk irin wannan gwaji yana sharɗanta kada mace ta ɗauki ciki, a yi mata awon ciki a kai a kai, ta yi tsarin iyali har ƙarshen gwajin. Wannan ba abin da za ki ɓoye masa ba ne. Ki tafi da shi wurin likitan, ya yi tambayoyinsa da bakinsa. Shi ne kuma zai ɗauke ki da tsakar dare, don haka ya san inda katin gwajin yake, mai ɗauke da lambar da ake kira kowane lokaci, wadda za ta ba likitan gaggawa damar sanin abin da aka yi miki. Sashe na 20 na dokar 2014 ya hana kowane asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa.

Jinin da za a ɗiba, ki tambayi inda za a kai shi. Idan waje ne, kundin ya ce sai da yarjejeniya a rubuce kan abin da za a yi da shi. Bayanan lafiyarki kuma sirri ne a ƙarƙashin sashe na 26 da kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023.

Yaron kuma, a'a tukuna. Saka yara a gwaji tsarinsa daban, sai ya zama don amfanin yaron ne, sai da yardar iyaye, shi ma a ji ta bakinsa.

Saura tambaya ɗaya da ba ki yi ba. A ce allurar ta karɓe ki, kin yi shekara ba a ba ki gado ba, sai gwaji ya ƙare. Wa zai ci gaba da ba ki? Irin waɗannan allurai tsadarsu ta fi ƙarfin albashin malami nesa ba kusa ba. Helsinki ta ce a tsara wannan tun kafin a fara. Ranar Litinin ki je ba tare da kin sa hannu ba, ki ce su nuna miki shafin da aka rubuta shi. Idan kin samu kwafin Hausar, ki kai wa lauya mafi kusa da ke ya duba sakin layin diyya kafin ki koma.